Ƙishirwar Hajiya Dije a Tsakiyar Teku

Ban taɓa mantawa da ranar da muka ratsa tudun yashin nan da Hajiya Dije kwance a bayan jirgi ba, duk da cewa shekaru sun ja, kuma mutanen da na tura hutu a teku tun daga lokacin ba su ƙirguwa. Sababbin ma'aikata sukan tambaye ni dalilin da ya sa nake kiran kowane kyaftin a waya kafin baƙinmu su isa, in roƙe shi abu guda a kan ruwan sha. Dalilin ke nan zan faɗa.

Bari in fara da aikin kansa, domin wanda ba ya ciki. Ofishinmu yana Takoma Park, kusa da Washington, a saman wani shagon Habashawa da ƙamshin gahawarsu ke hawo mana ta matakala. Ba mu da jirgi ko ɗaya. Mu dillalai ne. Mai son hutu a teku yakan zo ya faɗi yawan mutanensa da irin abin da suke so, mu kuma mu haɗa shi da jirgin da ya dace, wanda zai zama nasu su kaɗai na tsawon mako guda. Jirgin yana zuwa da ma'aikatansa, kyaftin da mai dafa abinci, waɗanda galibi miji da mata ne, kuma jirgin ne gidansu. Irin wanda muka fi bayarwa sunansa katamaran. A ɗauka dogayen kwale-kwale biyu aka jera, aka shimfiɗa falo a kansu, aka kafa dogon ƙarfe a tsakiya da ake ɗaura wa babban ƙyallen da iska ke turawa. Ɗakunan kwana suna cikin kwale-kwalen biyu. Ba ya tangaɗi sosai, kuma cikinsa ba ya nutsewa da zurfi, don haka yakan shiga inda ruwa bai wuce ƙirjin mutum ba. Abin da ya sa ake son sa ke nan a tsibiran Bahamas, inda za a yi tafiyar yini guda ana hangen ƙasan teku.

Ni a gidan rediyo na taso. Na yi shekaru ina karanta labarai a Kaduna, na zo nan na yi fassara a wani sashen Hausa da ke kudu maso yammacin Washington, da kwantiragina ya ƙare sai na samu wannan aiki. Lokacin da abin ya faru ƙaramar jami'a ce ni, ina sayar da hutun teku alhali ban taɓa kwana a kan ruwa ba.

Gab da hutun 'yan makaranta na watan Afrilu wani mutum ya shigo ya yi sallama da Hausa. Injiniya Mansur ne, mazaunin Mitchellville, wani gari da ba shi da nisa da mu. Ya kawo mahaifiyarsa daga ƙauyensu, arewa da Daura, an yi mata aikin ido an cire mata yana.

Ya ce, "Malama Saude, shekara da shekaru tana gani kamar ta cikin hayaƙi. Yanzu idon ya buɗe tar, kuma abin da ta gani da shi bai wuce filin ajiye motoci da talabijin ba. Ina so kafin ta koma ta ga abin da ya cancanci idon."

Muka zaɓi jirgi. Da ya tashi tafiya sai ya koma ya zauna.

"Akwai matsala ɗaya. Matata Nicole Ba'amurkiya ce, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Yaran suna ji amma da Turanci suke mayarwa. Ni kuma ɗan fari ne."

Bai ƙara bayani ba, ni ma ban nema ba. Uwa irin ta dā ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta kai masa kuka ko da ƙaya ce ta soke ta. Roƙonsa shi ne in bi su. Na kai maganar gaban shugabar ofishinmu, Madam Karen. Ta sa na maimaita mata sau biyu.

"Kina nufin ba ta magana da ɗanta? Sun yi faɗa ne?"

Na ce, "Ba faɗa ba ne, kunya ce. Shi ne ma wanda ta fi so."

Daga ƙarshe ta ce dama ƙa'idar ofis ce kowane ma'aikaci ya hau jirgin da yake sayarwa ko sau ɗaya, sai a ɗauki wannan a matsayin nawa.

A falon gidansu na fara ganin Hajiya Dije, 'yar siririyar tsohuwa a kan darduma, ta ƙi kujera. Na durƙusa na gaishe ta. Tun ban rufe baki ba ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Sake faɗi."

Na sake gaisuwar.

"Ke ce mai labarai ta Kaduna! Ikon Allah. Ashe haka kike 'yar ƙarama? Ni na ɗauka wata gabjejiya ce ta cika rediyon."

Daga ranar ban sake jin sunana a bakinta ba, Mai Labarai kawai. Ɗanta kuwa "wancan" ne, ko "uban yaran nan", tana faɗa tana kallon wani gefe.

Muka sauka a Nassau, babban birnin Bahamas, muka hau jirgin ruwan da yamma. Kyaftin ɗin, Desmond, ɗan tsibiran ne, dogo mai sanyin magana. Matarsa Marva ce mai girki kuma mataimakiyarsa. Kafin a kwance igiya kowane kyaftin yakan tara baƙi ya yi musu bayanin zaman jirgi: inda rigunan ceto suke, yadda ake amfani da banɗaki, inda ba a tsayawa idan ƙyallen zai juya. Ina gefen Hajiya ina mayar mata da Hausa, jimla bayan jimla, kamar yadda aka koya mini. A ƙarshe Desmond ya zo kan maganar ruwan sha. Ya ce ruwan daɗi a tanki yake a ƙarƙashin ƙafafunmu, kuma tanki ba rijiya ba ne. A yi wanka a taƙaice, kada a bar famfo yana zuba. Ya ce in an yi tattali zai kai mu ƙarshen mako. Duk kyaftin haka yake faɗa, domin Amurkawa sun saba tsayawa ƙarƙashin shawa har su manta da kansu. Abin da ba sa faɗa shi ne yawancin jiragen suna da injin da ke tace ruwan teku ya zama na sha. Ba sa son ambatonsa, don yana cin mai, yana da ƙara, kuma baƙo in ya ji labarinsa ya daina tattali ke nan.

Hajiya ta saurara har ƙarshe. Ta dubi ruwan da ya kewaye mu.

"Wannan duka ba a sha?"

Marva ta ɗebo mata a kofi. Ta ɗanɗana da bakin harshe, ta tofar.

"Subhanallah. Kanwa ma ta fi shi sauƙi." Ta kalli jikokinta mata biyu da ke tsalle a gaban jirgi. Ta ce, "To."



Ba ni da kalmomin da za su ɗauki abin da muka gani a kwanakin farko, ni da aikina ne neman kalma. Da safe na leƙa ta gefen jirgi sai kaina ya juya, domin ban ga ruwa ba. Na ga yashi fari can ƙasa, na ga inuwar jirgin a kwance a kansa da kowace igiya, na ga sarƙar ƙarfen da ke riƙe mu ta miƙe har inda ta cije ƙasa. Jirgin kamar a rataye yake a iska. Hajiya ta zo ta tsaya kusa da ni ta riƙe ƙarfe da hannu biyu. Wani kifi mai faɗi kamar faifai ya wuce a ƙarƙashinmu yana kaɗa gefunansa, inuwarsa na bin sa.

Ta ce a hankali, "Mai Labarai, likitan nan idon mutum ya sa mini kuwa?"

Wata rana da hantsi Desmond ya tsayar da jirgi inda babu komai sai ruwa ta kowane gefe, ya ce mu jira. A can ruwan teku yakan janye ya kuma dawo, kullum, a kan lokacinsa. Muna kallo ruwa ya dinga raguwa, har wani doron yashi ya fito fari fat, mai tsawo, babu ko sawun tsuntsu a kansa. Aka kai mu a ƙaramin kwale-kwale mai inji. Hajiya ta taka shi da ƙafa ba takalmi, ta tambayi gabas, ta shimfiɗa mayafinta ta yi nafila. Da ta sallame ta ce, "Ƙasar da aka halitta yau da safe, ni na fara sa goshi a kanta." Kafin la'asar ruwa ya rufe wurin kamar ba a yi ba.

Sallah a cikin jirgi ita ce ta ba ta aiki. Takan tayar tana fuskantar gabas, iska ta juya jirgin a kan sarƙarsa, ta sallame tana fuskantar inda ba ta sani ba. Desmond ya ba ta wani ɗan agogon gane kusurwa, ta juya shi a hannu ta mayar masa.

"Ki ce masa Mai gabas ɗin Ya san jirgi ne."

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a aikinsu shi ne yadda suke tuƙi. Taswira tana nan, na'urar auna zurfi tana nan, amma Desmond ya ce na'urar zurfin da ke ƙarƙashinka take faɗa, ba wanda ke gabanka ba, kuma yashin can yana tafiya da kowace guguwa. Don haka da launi suke karanta ruwa. Marva takan tsaya a hancin jirgi da baƙin tabarau. Shuɗi mai duhu kamar rinin baba, zurfi ne. Shuɗi mai haske, jirgi zai wuce. In ya koma kore-kore a rage gudu. In ya yi fari kamar an zuba nono, ko agwagwa sai ta taka da ƙafa. Baƙin tabo mai ruwan ƙasa kuwa dutsen murjani ne, wanda ke farke cikin jirgi. Duk wannan ba ya karantuwa sai rana ta ɗaga sama ko tana bayanka. Ba sa magana. Hannu take miƙawa, Desmond kuma ya bi hannun.

A tsakiyar makon ne, da safe, Marva ta ja ni gefe. Kowane baƙo yana da gorar da take cika masa da ruwan sha, kuma ta Hajiya kullum a wofi take dawowa, don haka ba ta yi zargin komai ba. Ranar ta shiga gyara ɗaki sai ta buɗe akwatin da ke ƙarƙashin gado. Na bi ta na duba. Robobin lemo da muka shanye muka yar, duk Hajiya ta tsince su ta wanke, ta cika su da ruwan gorarta, ta jera. Har butarta a cike take, a toshe da leda. Alwala dama da ruwan teku take yi, mun ɗauka sha'awa ce.

Na same ta zaune a inuwa a bayan jirgi. Leɓɓanta sun tsage, idanunta sun faɗa.

"Hajiya, ruwan nan na ƙarƙashin gado fa?"

"Wa ya aike ki?" Muryarta ta shaƙe. "Ajiyar yara ce."

"Yaushe rabonki da sha?"

"Nakan jiƙa maƙoshi in zan haɗiye maganin hawan jini." Ta kama hannuna. "Ɗiyata, da kunnenki kika ji, da bakinki kika faɗa mini. Maigida ya ce ruwa kaɗan ne. Mu a wajenmu, in rani ya yi nisa, baƙo ya ji matar gida ta ambaci randa, cewa yake yi ya sha a hanya. Mutumin nan a gidansa muke. Ga yara ƙanana, ga rana. Ni tsohuwa mi zan yi da ruwa?"

"Ai da kin gaya wa Injiniya."

Ta kalle ni kamar na yi saɓo. "In ce masa mi? Ina jin ƙishi?"

Na miƙa mata gora, ta kawar da kai. Na ce mata akwai injin da ke mayar da ruwan teku na sha, domin Marva ta faɗa mini a lokacin. Ta yi ɗan murmushi irin na wanda ake lallashi. Ta yunƙura za ta tashi ta bar mini wurin, sai ƙafafun suka ƙi, ta sulale a jikina.

Muka kwantar da ita. Marva ta haɗa ruwan gishiri da sukari, muka ba ta da cokali, ya dawo. Muka sake, ya sake dawowa. Na tsunkuli fatar bayan hannunta, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ta fara kiran wata Yaya Hansai tana cewa a janye guga, igiya za ta tsinke. Injiniya ya ce yayarta ce, ta rasu tun yana firamare.

Desmond ya nemi taimako ta rediyon jirgi. A wani tsibiri da muke hango bishiyoyinsa akwai ƙaramin asibiti da nas guda ɗaya. Ta yi tambayoyinta, ta ji shekarun Hajiya da maganin da take sha, ta ce ƙarin ruwa take bukata ta jijiya, kuma kada mu kai yamma. Ƙaramin kwale-kwalen ba zai ɗauki mara lafiya a kwance ba a wannan nisa da wannan rana. Desmond ya kira Injiniya da ni ya shimfiɗa taswira. Hanyar da jirage ke bi ta zagaya ta bakin babban teku, inda igiyar ruwa ke da ƙarfi, kuma ba za mu isa ba sai rana ta faɗi. Ɗaya hanyar ita ce a yanke kai tsaye ta kan tudun yashi. Gajeriya ce ƙwarai, amma sai ruwa yana cikowa, sai rana tana tsaka, kuma in jirgi ya hau yashi bayan ruwa ya fara janyewa, nan za mu zauna har ya sake dawowa.

Injiniya ya ce, "Ka taɓa bi?"

"Da baƙi a ciki, a'a."

"In mahaifiyarka ce?"

Desmond ya naɗe taswirar ya ce wa Marva ta hau gaba.

Ya sauke ƙyallen ya kunna inji, muka shiga da tafiyar da ba ta fi ta mai ƙafa ba. Nicole ta shige da yara ciki. Ni ina ba Hajiya ruwa ɗigo-ɗigo a leɓe. Kanta yana buguwa da katako, sai Injiniya ya tsaya yana kallona, yana kallonta. Na ce, "Ɗauki mana." Ya zauna a ƙasa ya ɗora kan mahaifiyarsa a cinyarsa, a ɗarare, kamar wanda aka ba jariri a karon farko.

Daga inda nake ina hango Marva a tsaye, hannu ɗaya a igiya ɗaya a miƙe. A gabanta tudun ya shimfiɗu har iyakar gani, fari da kore da shuɗi suna murɗe da juna kamar zanen da aka rina aka shanya. A tsakiya akwai wani siririn zare mai ɗan duhu da ke lanƙwasa, shi ne hanyar. Ni sai ta nuna nake ganinsa. Hannunta ya karkata dama, jirgi ya bi. Ta dunƙule shi, inji ya yi ƙasa. Wani baƙin dutse ya wuce a gefenmu, kusa har ina ganin ƙananan kifaye masu ruwan ɗorawa suna kewaya shi. A ƙarƙashinmu yashi ya matso har ina ƙirga layukan da ruwa ya zana a kansa. Na tsinci kaina ina tasbihi, kuma ba zan iya cewa na tsoro ne ko na mamaki ba.

Sai gajimare ya rufe rana. A take launukan suka mutu, ruwa duka ya koma toka-toka kamar kwano. Marva ta ɗaga hannu biyu. Desmond ya tsayar da jirgi cak.

Injiniya ya ɗaga murya. "Me ya sa muka tsaya? Ga garin can!"

Desmond ya ce, "Marva ba ta gani."

"Ka bi na'urarka mana!"

Desmond ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yallaɓai, in na motsa yanzu da ka zan yi. Inuwar gajimare da dutse kamarsu ɗaya. Jira ya fi sauri."

Muka jira. Yana riƙe jirgin wuri guda da inji, idonsa ɗaya a sama ɗaya a kan agogo, domin cikar ruwan ta kusa kai ƙarshenta. A cikin wannan jiran ne Hajiya ta buɗe ido. Ta dubi fuskar da ke samanta, ta daɗe.

Ta ce, "Mansur."

Ya sunkuyo kusa da ita.

"Mansur, ka sha ruwa kuwa?"

Mutum ne mai furfura, mai tsara gadoji. Da ƙyar ya ce, "Na sha, Hajiya." Daga baya ya gaya mini ranar ce ya fara jin sunansa a muryarta.

Rana ta fito ta gefen gajimaren kamar an yaye labule, launuka suka dawo gaba ɗaya. Hannun Marva ya miƙe. A wuri na ƙarshe, mafi ƙarancin ruwa, na ji cikin jirgin ya goga yashi, wani dogon sauti mai laushi da ya bi ta ƙafafuna har haƙora. Jirgin ya yi nauyi, ya yi kamar zai tsaya. Desmond ya ƙara wuta kaɗan. Jirgin ya zame, ruwan gabanmu ya yi shuɗi.

Nas ɗin tana jiran mu a bakin gaɓa da keken guragu. Ta sha wahalar samun jijiya, ta samu. Ta yi waya da likita a Nassau. Kafin la'asar sakaliya Hajiya ta daina kiran Yaya Hansai, ta tambayi ko an ba yara abinci. Washegari aka sallame ta da sharaɗin ta dinga sha a gaban shaida.

A jirgi kuma aka sake komawa gidan jiya. Na kawo gora, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Na sake yi mata bayanin injin, ta ce, "Mai Labarai, ba duk abin da kuke karantawa muke yarda da shi ba." Na faɗa wa Desmond. Na yi masa bayanin randa da baƙon da ya sha a hanya. Ya cire hularsa ya zauna. Ya ce kakarsa ma da ruwan sama na kan rufi ta raine su, kuma ya san irin wannan tattalin, bai dai taɓa zaton maganarsa za ta faɗa kunnen da zai ɗauke ta haka ba.

Ya tashi ya buɗe wani murfi a daɓen jirgi, ya roƙi Hajiya ta matso. Ya nuna mata bututun da ke shan ruwa daga teku, ya sa ta ɗanɗana. Ta yamutsa fuska. Ya kunna inji, ya bi bututun da yatsa har cikin wasu dogayen fararen bututai, ya fito ta ɗaya gefen inda wani siririn ruwa ke zuba. Ya tara kofi ya sha rabi, ya miƙa mata sauran. Ta sha. Ta riƙe shi a baki, ta haɗiye. Ta dubi teku, ta dubi kofin.

"Gishirin ina ya tafi?"

Ya nuna mata inda yake komawa teku.

"Allahu Akbar. Wannan duka," ta zagaya da hannu har iyakar gani, "rijiyarsa ce ke nan?"

Na ce haka ne. Amma na ga har yanzu tana riƙe da kofin da hannu biyu kada ya zube. Desmond ma ya gani. Sai ya yi abin da ban sake ganin wani kyaftin ya yi ba. Ya jawo tiyon ruwan daɗi, ya buɗe shi gaba ɗaya, ya sake shi a daɓe. Ruwa ya malala ta kan ƙafafunta yana zuba a teku, shi kuwa ya rungume hannu yana kallon sama.

Hajiya ta zabura. "Kai! Kai! Rufe! Mai Labarai, ce masa ya rufe, ba shi da hankali ne?"

Na ce, "Ya ce ba zai rufe ba sai kin shanye gorar nan."

Ta ɗaga gora ta shanye tas tana hararar sa. Ya rufe. Da yamma da kanta ta fito da robobin ƙarƙashin gado ta ba Marva, ban da ɗaya.

Maganar suna kuwa, da na tsokane ta da ita a hanyar dawowa, cewa ta yi, "Zazzaɓi ne ya yi magana." Ta koma "wancan" har ta bar ƙasar. Robar da ta riƙe, wadda ta sa Desmond ya cika mata daga bakin injin, ta naɗe ta a zane ta sa a akwati. Na tambaye ta dalili a Mitchellville ranar da na je sallama. Ta ce matan ƙauyensu za ta kai wa. "Ba za su yarda na teku ba ne. Amma za su sha."

Abin da na koya shi ne jawabin kyaftin an tsara shi ne domin baƙon da zai ɗauki fiye da rabonsa. Namu mutanen, musamman manya, sukan ɗauki ƙasa da nasu, su yi godiya, su yi shiru, kuma shirun nan ba ya fitowa a kowace tambaya da muke yi wa baƙo kafin tafiya. Na kuma ga mutanen da aikinsu ya koya musu tsayawa cak idan ba sa gani, ko da ana yi musu ihu. Na rubuta rahotona, Madam Karen ta karanta, ta ce in yi yadda na ga ya dace. Shi ya sa har yau, in akwai dattijo a cikin baƙinmu, ko daga ina ya fito, nakan kira kyaftin in ce masa kafin ya ambaci tanki ya fara buɗe murfin nan ya nuna injin, ya tara kofi, ya sha a gabansu.